Wa Ake Ce Ma Ci-Ƙasa?

Ni ce Zalika ta Garin Sanda, can bayan Hawandawaki, inda mota ba ta isa sai ta yi kuka cikin rairayi. Ban taɓa zama bisa bancin lakwal, makarantar boko, ba. In ka rubuta sunana ka aje gabana, zan ɗauka sawun kaji ne. Amma na san iyakar gamanata, kuma na san waƙata in na ji ta, ko da an sa mata takalmi an kai ta jami'a.

Gamana ita ce 'yar gonar da miji ke yanka ma matarshi, ta noma abinta ba mai tambayarta. Marigayi Namadi ya yanka mini tawa shekarar da na yi haihuwar fari. A gefenta na gabas akwai wani babban gawo, hatsin ƙarƙashinshi ya fi na ko'ina kaurin zangarniya. Daga gindin gawon zuwa iyaka taki biyar ne. Namadi ya taka a gabana, ni ma na taka. Bayan iyakar kuma gonar ƙanenshi ce, Ɗanjuma. Tsakaninmu layin gamba ne, kamar yadda kowa ke yin iyaka a wajenmu.

Namadi na rasuwa, gamba ta koyi tafiya. Duk shekara in na je sharar gona kafin ruwan shuka, sai in iske ta matso. Cikin shekara bakwai ta ci taki goma sha ɗaya, gawona ya koma cikin gonar Ɗanjuma, awakinshi ke cin 'ya'yan.

Sau uku ina zuwa wajen mai gari. Zuwan fari ya ce in yi haƙuri, gida ɗaya ne. Zuwa na biyu ya ce ai gamba ciyawa ce, yaɗo take yi. Na ce, "Ranka shi daɗe, wace irin ciyawa ce ba ta yaɗo sai yamma, wajen gwauruwa?" Zuwa na uku anka ce mini shina wanka. Na zauna tun hantsi har la'asar, bawan Allah bai fito daga wankan ba.

Da na ga haka sai na koma ga turmina.

Akwai abin da yaran yanzu ba su sani ba. Lokacin da anka kawo ni gidan yayanshi, Ɗanjuma shina ɗan shekara biyar, kuma cin ƙasa gare shi. Ba irin na yara da ke ɗan ɗanɗanawa ba. Suri, bango, gindin randa, duk abinci ne. Uwar mijina, Allah shi jiƙanta, har ɗaure mishi hannu take yi da tsumma, sai shi sa harshe. Gari duka anka sa mishi suna Ci-ƙasa. Da ya girma ya zama mai sayen wake shina kaiwa Tasawa, ya yi tumbi, ya sa hula mai tsada, sai sunan ya mutu. Waɗanda sunka san shi yau mu huɗu munka rage: ni, da ƙawata Hadiza, da tsoho Ƙadri mai gyaran rijiya, da shi mai sunan.

Na jawo turmina jikin darnin da ya raba gidana da nashi, na sa hatsi, na ɗaga taɓarya:

Ci-ƙasa, Ci-ƙasa, ba ka ƙoshi,
bara taki guda, bana taki biyu.
Gawona ba shi da ƙafa,
wa ya ɗauke shi ya kai maka?
Ka ci gamba, ka ci iyaka,
saura ka zo ka ci turmina.

Kullum da safe, kullum da marece. Ban ambaci sunan kowa ba, balle a kai ni ƙara. Amma da na fara, sai in ji tari a bayan darni. Ya daina zama ƙarƙashin dalbejiyar ƙofar gidanshi, ya canza hanyar masallaci. Mata sunka fara ɗaukar waƙar suna kaiwa rijiya. Shekarar nan gamba ba ta motsa ba ko ɗani guda. Na ce a raina, to, magani ya fara ci, saura ta koma inda ta fito.

Ran wata Laraba da hantsi Hadiza ta faɗo gidana ba sallama, da rediyonta manne da kunne.

"Zalika, aje tsintsiyar nan ki ji. Wallahi ke ce cikin rediyo."

Na kasa kunne. Muryar yarinya ce, tana karantawa a hankali kamar mai ta'aziyya: "Gawona ba shi da ƙafa..." Sai mai gabatarwa ya ce wai wannan ita ce waƙar da ta zo ta ɗaya a gasar rubutattun waƙoƙi ta ɗaliban jami'a, wai Shamsiyya Ɗanjuma ta rubuta ta, wai sunanta "Ci-Ƙasa", wai kuma a kan gurgusowar hamada take magana.

"Gurgusowar wa?" in ji ni.

"Hamada. Rairayin arewa da ke cinye gonaki."

"Hamadar uwa! Hamada ce ke da tumbi da hula?"

Hadiza ta zauna bisa turmi tana dariya har da riƙe ciki. Ni ban ga abin dariya ba. Shamsiyya ɗiyar Ɗanjuma ce, ta cikinshi. Ni na goye ta wata takwas lokacin da uwarta ta yi ciwon nono. A bayana ta fara jin ƙarar taɓarya. Ashe duk hutun da take zuwa gida, tana zaune gindin darni da kayenta na rubutu da bik, ba karatu take yi ba, bakina take kwashewa.

Ban gama huce wannan ba sai ga kan Ɗanjuma bisa darni, shina washe baki.

"Matar Yaya, an tashi lafiya? Kin ji abin alheri?"

"Na ji ɓarayi sun ƙaru a gidanku."

"Haba amaryata, wace irin magana ce wannan? Waƙar nan da kike yi kullum, ashe ta hamada ce! Ni da na ɗauka da wani kike. Manyan malamai masu tabarau sun zauna sun bincika, sun ce hamada ce. Ci gaba da dakanki, don Allah ɗaga murya, muna ƙaruwa."

Da marece na gwada. Na sa hatsi, na fara. Ina kaiwa "ba ka ƙoshi" sai na ji ana tafi bayan darni. Ɗanjuma ne ke yi mini amshi: "Allah shi raba mu da hamada!" Har da rausaya kafaɗa. Ya dawo da tabarmarshi ƙarƙashin dalbejiya. Ya yanka bunsuru ya aiko mini da ƙafa guda, na mayar. Da na je gona bayan kwana uku, gamba ta ƙara taki guda. Goma sha biyu.

Shekara biyu ina wasa wuƙata, yarinya ta ɗauka ta kai jami'a sunka dawo mini da ita ludayi.

Da Shamsiyya ta zo hutu, ta shigo ta durƙusa har ƙasa, ta aje mini sabulu da turare.

"Inna, na zo ki sa mini albarka."

"Ɗauki sabulunki. Wa ya ba ki waƙata?"

Ta sadda kai. "Inna, ai na gyaggyara ta, na ƙara baiti shida nawa. Kuma na rubuta a ƙasa cewa daga bakin matan ƙauye na samo tushenta."

"Matan ƙauye! Su wa? Mu nawa ne? Ni kaɗai ce, ga ni zaune, sunana Zalika. To bar ma wannan. Shamsiyya, wa ake ce ma Ci-ƙasa?"

"Hamada ce mana, Inna."

"Kin taɓa ganin hamada ta tuge gamba ta sake dasa ta a layi?"

Ta ɗago ta dube ni, na ci gaba.

"Akwai baitin ƙarshe da kinka bari. Wanda ke cewa uwa ta ɗaure mishi hannu. Don mi kinka bar shi?"

"Ban gane shi ba ne. Na ga bai shiga da sauran ba."

"Bai shiga da hamada ba. Da ubanki ya shiga."

Na gaya mata komi, tun daga suri har gawo. Yarinya ta dafe baki da hannu biyu. Na ga dariya ta taso mata ta danne, sai hawaye sunka biyo.

"Inna, na shiga uku. Na tsaya gaban mutum ɗari biyar na zagi Baba da faransanci da Hausa, anka yi mini tafi. Sati mai zuwa za su zo Tasawa su ba ni kyautar a gidan matasa, gaban magajin gari. In maganar nan ta fita, malaman za su ji kunya su karɓe abinsu, ni kuma ba ni da fuskar komawa. Har in mutu sunana ɗiyar Ci-ƙasa. Don Allah Inna, ki rufa mini asiri."

"Ni wa ya rufa ma gonata asiri?"

Ta tashi ta bar sabulun. A bakin ƙofa ta juyo ta ce wai bayan kyautar, wata ƙungiya ta ba da icen dashe ɗari, za a dasa su wurin da waƙar ta fito, don a tare hamada. Ta faɗa ne don in ji daɗi. Ni kuwa na zauna ina juya maganar kamar mai tuƙa tuwo.

Ranar bikin, tun da asubahi na ɗaura zanena mai kyau, na ɗauki taɓaryata. Na biya ma Hadiza, munka biya ma tsoho Ƙadri. Ya ce ƙafarshi na ciwo. Na ce, "Ci-ƙasa za shi yi jawabi a kan Ci-ƙasa." Ya ce a miƙo mishi sandarshi. Munka hau amalanken shanu zuwa Hawandawaki, daga nan munka shiga motar kasuwa, ni da taɓarya a tsaye tsakanin ƙafafuna kamar fasinja.

A ƙofar gidan matasa wani mai gadi ya tare ni.

"Iya, ba a shiga da makami."

"Wannan makami ne? Uwarka da mi ta ciyar da kai?"

"To aje ta nan, in kin fito ki ɗauka."

"Ɗana, waƙar da za a ba kyauta a ciki, wannan ce ta haife ta. Za ka hana uwa shiga sunan ɗiyarta?"

Ya dube ni, ya dubi taɓarya, ya matsa.

Wuri ya cika. Ɗalibai, malaman lakwal, 'yan rediyo, magajin gari, har da mutanen Mayahi, don yaron da ya zo na biyu ɗan can ne, ya yi waƙa a kan uwarshi. Waƙar ba laifi, sai dai ta yi tsawo kamar igiyar rijiya. Ɗanjuma na layin gaba cikin babbar riga mai ruwan ƙwai, an shafa turare har muna ji daga baya. Da ya waigo ya gan mu mu uku a jere, sai murmushin ya tsaya mishi a rabin baki.

Babban malamin da ya zo daga jami'a, Mushe Ishaƙu (Mushe muke ce ma malamin boko), wani dogo ne mai furfura da tabarau, mai ladabi ƙwarai, ba ni da abin cewa a kanshi sai dai bai san gamba ba. Ya ɗauki mikoro, abin ɗaga murya, ya fara bayani. Ya ce a shekara ashirin da ya yi shina duba waƙoƙin ɗalibai bai ga mai zurfin wannan ba. Ya ce a duba yadda yarinya ta mai da hamada mutum, mai baki, mai ciki, mai haɗama.

"Mai tumbi," in ji Ƙadri a hankali.

Ya ce gawon da ya ƙaura ba shi da ƙafa, wannan "metafor" ne. Na tambayi Hadiza ko ɗan ina ne shi Metafor ɗin, ta ce ƙila cikin mutanen Mayahi shike. Ya ce turmin da ke ƙarshe, cikin al'umma ne gaba ɗaya. Ya ce Ci-ƙasa ba shi da kunya, ba shi da tausayi, bai san gwauruwa ba bai san maraya ba.

"Wallahi malamin nan ya san shi," in ji Hadiza.

Ƙadri ya cusa bakin rawaninshi cikin baki, kafaɗunshi na rawa. Wata mata ta miƙo mishi ruwa, ta ɗauka kuka shike.

Anka kira Shamsiyya, ta karanta waƙar ba ta ɗaga ido ba. Anka ba ta takarda cikin gilashi da wata na'ura mai buɗewa kamar faifai biyu, ordinatar. Anka yi tafi. Ni ma na yi, ɗiyata ce. Sannan anka ce uban gwarzuwa shi zo shi ce wani abu.

Da Ɗanjuma ya yi shiru ya gode ma Allah ya zauna, da ƙila na koma gida da taɓaryata ban ce komi ba. Amma mikoro ya shiga hannunshi, 'yan rediyo sunka miƙo nasu, sai ya manta da mu.

"Jama'a," in ji shi, "wannan Ci-ƙasa maƙiyinmu ne! Mu manoma mu munka san zafinshi. Ni nan da kuke gani, ba na barci saboda shi. Wajibi ne mu tashi mu tare shi, duk abin da ya ci mu sa shi ya amayar!"

Na buga taɓarya a siminti. Dum! Kowa ya waigo.

"Mushe," na ce, "ina da tambaya. Ni jahila ce, a yi mini haƙuri."

"Bismilla, Iya," in ji Mushe Ishaƙu.

"Shi wannan Ci-ƙasan, in an kama shi a gona, mi ake yi mishi?"

Ya yi murmushi. "Ba a kama shi da hannu, Iya. Itace ake dasawa a gabanshi, a layi, sai shi tsaya."

"A layi. To wanda ya riga ya ci fa? Shi ke nan ya tafi?"

"A'a, ana ƙwatowa. In an dasa icen a inda ƙasa take tun asali, aka kula da shi, sai ta dawo ma mai ita."

"Ta dawo ma mai ita. Allah shi yi maka albarka, karatunka bai faɗi banza ba."

Anka yi dariya. Ɗanjuma ya ce, "Wannan matar yayana ce, tsufa ne, a ci gaba da..."

Sai Shamsiyya ta matso, ta sa baki ga mikoron da ke hannun ubanta. Ta ce, "Mushe, wannan ita ce Innata Zalika. Matan ƙauyen da na rubuta, ita ce. A turminta na tsinci waƙar."

Ban sa ta ba. Ban kuma zaci za ta iya ba. Mushe Ishaƙu ya cire tabarau ya mayar, ya sauko daga dandamali da kanshi ya kama mini hannu, shina ta faɗin "wala, wala" da faransancinshi, wai yau ga tushe ya zo da ƙafarshi. Ya hau da ni sama. Ya tambaye ni ko akwai sauran baitin da ba a rubuta ba.

"Akwai guda," na ce. "Shi ne mai daɗin."

Na dubi Shamsiyya, ta rufe ido. Na dubi Ɗanjuma, zufa ta jiƙa wuyan riga mai ruwan ƙwai. Na gyara tsayuwa, na ɗaga taɓarya, na fara buga katakon dandamali, dum, dum, sannu sannu don kowa shi ji:

Ci-ƙasa wanda uwa ta ɗaure ma hannu,
ya sa harshe ya lashe bango,
ya bar ɗakin tsohuwa da taga...

"Hamada mai uwa!" in ji Mushe Ishaƙu, shina rubutu da sauri. "Ikon Allah! Ci gaba, Iya!"

Abin da ke biye shi ne "ƙanen Namadi, mai auna wake". Ɗanjuma ya sani, ya sha jin shi ta darni, don wannan gaɓar ba na rera ta sai in shi kaɗai ke wajen. Na ja numfashi, na buɗe baki, na ce, "Ƙa..."

"Jama'a!" Ɗanjuma ya yi tsawa cikin mikoro har na'urar ta yi kuwa. "Jama'a, tsohuwa ta gaji, tun asubahi take hanya! Maganar itace! Mushe, maganar icen nan ɗari, ni na ba da wuri! A gonarmu ta gado za a dasa, nan waƙar ta fito!"

Anka yi tafi.

"Gonar da faɗi," na ce. "Ta wane gefe?"

"Duk inda... duk inda ya dace."

"Wa ya san inda Ci-ƙasa ya fara ci, in ba mai waƙa ba?" Wannan tsoho Ƙadri ne daga baya, ya samu ya ciro rawani daga baki.

"Gaskiya ne," in ji Mushe Ishaƙu. "Iya ce za ta nuna."

Na ɗan ɗaga taɓarya, na dubi ƙanen mijina. "Ka yarda, Ɗanjuma, ko in ƙarasa ma malam baitinshi?"

"Na yarda."

"Ba su ji ba. Ga 'yan rediyo can."

"Na yarda! Duk inda matar Yaya ta nuna, nan ne!"

Magajin gari ya miƙe ya rungume shi, ya ce irin waɗannan dattawa ake so, nan take ya naɗa shi shugaban kula da icen. Mushe Ishaƙu ya so in ƙarasa baitin. Na ce na manta sauran, tsufa ne, ƙanen mijina ya faɗa.

Ranar dashen itace an yi ruwa kwana biyu kafin nan, ƙasa ta yi laushi, hatsi ya kai gwiwa. Mota biyu sunka zo, ɗaya ta kafe a rairayi sai da shanu sunka jawo ta. Ɗalibai sunka sauke icen cikin 'yan ledoji baƙaƙe. Gari duka ya fito, har mai gari, ya gama wanka.

Anka ba ni turaku da igiya. Na wuce gaba, jama'a na biye. Na iso layin gamba, Ɗanjuma ya tsaya nan shina gyaran murya, shina nuna ma ɗalibai da hannu. Ni ko kallon gambar ban yi ba, na tsallake ta na shiga cikin hatsinshi. Na tafi har gindin gawo, na dafa shi, na ce, "Sannu da baƙunta." Na juya gabas na fara takawa da ƙarfi ina ƙirgawa. Ɗaya. Biyu. Uku. Huɗu. Biyar.

Nan ne. Nan Namadi ya tsaya.

To, ba zan ɓoye ba. Na dubi hatsin da ke gabana, baƙi ƙirin, ya sha taki. Na tuna shekara tara da ya yi shina cin nawa. Na tuna ƙafar bunsuru. Kowa ya ji ya ce duk inda na nuna. Sai na ji ƙafata ta dama ta ɗaga da kanta.

Tana sama sai na ji wani abu a bayan kunnena, ƙasa-ƙasa, ta hanci. Ɗanjuma ne ya matso kamar mai riƙe mini igiya, shina rera mini:

"Bara taki guda, bana taki biyu..."

Ɗan banza. Muryar ma ba daɗi.

Na mai da ƙafata inda take, na kafa turke a taki na biyar, na buga shi da taɓarya har ya nutse.

"Ƙaiƙayi take mini," na ce.

"Allah shi sawwaƙe, matar Yaya."

Anka ja igiya daga kudu zuwa arewa, anka jera ice ɗari. Mai gari ya zo ya duba, ya ce lalle nan ne iyakar asali, shi ma ya tuna. Na ce, "Ranka shi daɗe, ruwan wankan nan naka a ba mu mu ma mu sha." Mushe Ishaƙu ya tambayi hatsin da ya faɗo yamma da layin na wane ne. Ɗanjuma ya dubi sama, ya dubi ɗiyarshi, ya ce na matar Yaya ne, dama taya ta ya yi.

Da sunka gama sai sunka ciro wani allon ƙarfe mai rubutu. Shamsiyya ta karanta mini: "Nan anka tsai da Ci-ƙasa." A ƙasa kuma, "Waƙar Zalika da Shamsiyya." Ta kama yatsana ta ɗora bisa sunana. Har yanzu sawun kaji ne, amma na gane na farkon, mai kama da lauje an karya shi biyu. Sunka tambaye ni ina allon za shi fuskanta. Na ce arewa hamada take, amma ku juya shi gabas, ta nan ta fi shigowa.

Bana na ɗaure dami tara a wurin nan kaɗai. Da rani ya shigo, shugaban kula da ice ya fara jigilar ruwa da amalanke, jarka takwas kowace safiya, don magajin gari ya ce za shi zo dubawa. Nakan ɗauki tabarmata in je gindin gawo in zauna in ga aiki.

"Wancan na ƙarshe bai sha ba," in ce.

"Ya sha, matar Yaya."

"Bai sha ba. In ya mutu hamada za ta shigo."

Sai shi koma shi ƙara mishi.

Mushe Ishaƙu ya aiko Shamsiyya sau biyu, wai ko na tuna ƙarshen baitin, shina son sa shi cikin littafi. Na ce ta gaya mishi ina nan ina ƙoƙari. Ran da ice guda ya taka daga inda anka dasa shi, ran nan zan tuna.